Bayan Ganye

Casimira ta juya ganyen kofi
kamar mai duba tafin jariri.
A bayansa ga gari ruwan lemo,
ya manne mata a babban yatsa.
Ba ta ce uffan ba, ta goge a zane.

Can kan tudun Huehuetenango,
inda gajimare ke kwana a gona,
roya suke kiranta.
Tsatsa ce, amma ba ta ci fartanya ba,
ba ta taɓa kwanon rufi ba,
ganye take ci, tana raye.
Iska ce dokinta, raɓa ce ƙofarta,
ba ta san iyakar gonar kowa ba.

Kafin wata uku ganye ya zube.
Itatuwa tsirara, jere a gangare,
'ya'yan suka ƙi nuna, suka yi baƙi.
Buhu ashirin ya koma shida,
ɗanta Fermín ya ɗaure jaka ya yi arewa.

Malamin gona ya zo da laka a takalmi:
"A rage inuwa, iska ta ratsa.
A datse reshe, a ciyar da saiwa,
yunwa ce ke buɗe wa cuta ƙofa.
Feshi kuwa kafin ruwa ya sauka,
ba bayan ɓarawo ya fita ba."

Ta dama farar ƙasa da gishirin jan ƙarfe,
ruwan ya yi shuɗi a cikin duro.
Jikanta Efraín ya goya tanki,
tana binsa tana faɗa:
"Ƙarƙashi, yaro! Ƙarƙashin ganye!
Mugu ba ya zama inda ake kallo."

Sai maganar da ta fi ɗaci:
tsofaffin itatuwan sai an tuge,
a dasa irin da tsatsa ke shakka,
a jira shekara uku, hannu wofi.
Marigayi Anselmo ne ya dasa su
shekarar da suka yi aure.
Ta tuge ɗari huɗu.
Ta bar ɗaya a bakin rafi,
ta ce wannan ita za ta yi jinyarsa.

Bana sabbin sun yi fure,
fari fat, ƙudan zuma har sun gaji.
Amma kullum da sassafe,
kafin ta hura wuta,
sai ta gangara bakin rafi,
ta gaida tsohon,
ta juya ganye.