Shafin Bana

Ƙanƙarar tafkin ta fara tsagewa daga gefen kudu,
tana kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Ƙarfe biyar a Kuopio, gari ya riga ya waye,
Raili ta sauko gangare da takalman roba.

Kyamarar ta Aulis ce.
Igiyarta har yau ba ta manta lanƙwasar wuyansa ba.
A aljihu, ɗan littafinsa mai baƙin bango,
shekara talatin da ɗaya na ƙirga baƙi:
"Dinya, sha tara.
Tsattsewa, shiru tukuna.
Zalɓe ɗaya, yana ɗingishi."
Shafin bana fari fat.

Ta zauna bisa kututturen da ya saba zama.
Kofi ya huce, yatsu sun ƙage.
Onni, ɗan maƙwabta, ya jingine kekensa,
ya ce, "Iya, wa kike jira?"
Ta ɗora yatsa a baki.

Murya ta riga jiki isowa,
kamar ƙaho mai tsatsa daga bayan kurmi.
Sai ga gauraka, wuya a miƙe,
suka dira cikin ciyawar bara
kamar jiya suka bar wurin.

Ta ɗaga kyamara.
Numfashinta ya lulluɓe gilashin.
Ta danna haka nan.

Hoto ya fito toka-toka, ba kai ba ƙafa.
Onni ya leƙa, ya ce, "Ai ba komai a ciki."
Ta ce, "Bakwai ne."
Ta lashi bakin fensir, yadda yake yi,
ta rubuta kwanan wata,
sannan ta tsaya tana neman yadda yake jan bakwai ɗinsa.