Ƙarfe Ɗaya a Apapa

Shekara uku ina Ikko ban san ɗanɗanon rana ba.
Burodin Agege a aljihun tebur, ruwan leda a gefe,
hannu guda na kai loma, guda na buga lissafi,
ina ce wa kaina: mai fita cin abinci
shi ke da lokacin zubarwa.

Tanimu ne ya rufe mini kwamfuta wata Laraba.
Ya ce, "Tashi. Takarda ba ta da ƙafa,
inda ka bar ta nan za ka tarar da ita.
Alhaja Risikat na jiranmu a ƙasa."

Alhaja Risikat!
Wata uku muryarta na huda mini kunne,
kwantenarta ta tayil na kwance a tashar ruwa,
kuɗin ajiya na hauhawa kamar ambaliyar Ijora.
A wayata ma ba sunanta na rubuta ba,
Tsawa na sa mata.

Muka ratsa tsakanin tireloli masu barci a tsaye,
muka tsallake kwata, muka sunkuya ƙarƙashin rumfa
inda fanka ke juya kai kamar mai cewa a'a.
Benci ɗaya, robar wanke hannu ɗaya.
Aka dire amala baƙa wuluk tana tururi,
ewedu na yauƙi, naman akuya na iyo a jan mai.

Loma ta uku barkono ya kama ni.
Ni ɗan Giwa, mai taƙama da yajin gidanmu,
sai ga hawaye har haɓa.
Tsawa ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame,
ta turo mini ruwanta, ta ce, "Ɗana, sha."

Daga nan zance ya kwance ɗamara.
Ashe kwantenar nan ta marigayi mijinta ce,
odarsa ta ƙarshe kafin ya kwanta,
kuma banki ba ya zuwa ta'aziyya.
Ashe ba da ni take faɗa ba.
Tsoro ne ke sa mata murya.

Obiageli ta ofishin kuɗi, wadda na ɗauka girman kai
ke hana ta amsa gaisuwa,
ta tsame hannu daga miya ta ce, "Ba ni lambar.
Akwai wanda muka yi makaranta tare a can ciki."
Abin da wasiƙa goma sha ɗaya ta kasa ɗagawa,
ƙashin akuya bai gama hucewa ba aka soma taɓa shi.

Kada in yi muku ƙarya, ba kullum ake dacewa ba.
Akwai wani mai ƙaton agogo daga Ikeja
da ya share kan akuya biyu a aljihuna,
ya sakace haƙori, ya ce zai kira.
Damina biyu ke nan.
Na yafe masa naman, ban yafe lemon ba.

Amma na gane abin da tebur ke ɓoyewa.
A ofis mutum kujera ne da hatimi,
a gaban kwano sai ya koma ɗan wani:
ga mai tsince albasa, ga mai tsoron ƙaya,
ga mai ajiye tsoka sai ƙarshe kamar yaro.
An ce zumunci a ƙafa yake.
A garin da ƙafa ke kwana a cunkoso,
na same shi a bakin akushi, tsakanin azahar da komawa.

Bara aka mayar da Tanimu Fatakwal.
Gurbinsa a bencin har yanzu mai abincin na tambaya.

Jiya na ga sabon yaron da aka ɗauka, Jatau,
ya sunkuya, yana ɓoye biskit a bayan fayil.
Na duba agogo.
Na miƙa hannu na rufe masa kwamfuta.