Dariyar Gwangwani

Shekara goma sha tara na yi a Burbank,
a ɗaki marar taga, mu tara a tebur ɗaya,
kofi ya huce, biredi ya bushe a faranti,
muna sassaƙa raha kamar masu sassaƙa turmi:
uku a kowane shafi, ba ragi, ba ƙari.
Minti ashirin da biyu ake ba mu,
sauran na masu tallar sabulu ne da mota.

Dunleavy, maigidanmu, jan biro a bayan kunne,
ba ya dariya. Sai dai ya ce, "Wannan ta yi,"
kamar mahauci yana duba haƙarƙari.
In zance ya faɗi ya kasa tashi
akwai injin da ke ɗaga shi:
dariyar gwangwani, tsohuwar ajiya,
muryoyin da aka naɗa tun ban zo duniya ba.
Wata rana mai injin ya raɗa mini,
"Yawancinsu ƙasa ta daɗe da rufe musu ido."
Ashe matattu ke tafa mini duk daren Alhamis,
ni kuwa ina karɓar albashi ina hura hanci.

Sai waya ta zo daga Duluth.
Babana mai gyaran agogo, nasa ya tsaya.

A bakin kabarinsa, ƙanƙara har ƙauri,
na kama kaina ina auna kalmomi,
ina neman gurbin da zan cusa abin dariya,
kafin amin ko bayanta.
Ƙanwata Maureen ta dube ni, ta gane.
Ba ta ce uffan ba.
Da marina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban koma ba.
Na zauna a shagonsa, cikin agogo arba'in
da babu mai yarda da lokacin ɗan'uwansa,
na fara littafi.
Shekara shida. Hannuna ya saba da roƙo,
kowane layi so yake ya yi tsalle a tafa masa
kamar birin da aka koya wa rawa.
Na dinga kwance masa ƙararrawa, ɗaya bayan ɗaya.
Littafin ya fito. An sayi ɗari takwas da sha ɗaya.
Sha ɗayan Maureen ce.

Yanzu daren Talata nake da aji, hawa na biyu,
tagar tana kallon tafki, da jiragen ruwa
masu jan tama a hankali kamar ba sa son tafiya.
Ɗalibaina sun gaji kafin su iso:
Wendell direban bas, Solveig mai jinya,
da wani tsoho mai rubuta matarsa kullum da sabon suna.
Na kan ce musu, ban san yadda ake koyar da wannan ba,
na dai san yadda ake ɓata shi, ku zo in nuna muku.

Makon jiya Solveig ta karanta labarin yayanta
da tafkin nan ya ci a watan Nuwamba.
Ya bar rabin biredi a kan firji,
da takarda: "Kar wanda ya taɓa, zan dawo."
Ajin ya fashe da dariya, ba shiri,
ita ma ta yi, hawaye na zuba a kan takardar.
Sai shiru ya sauko, dogo, mai nauyi.

Tsohon hannuna ya motsa,
yana lalube jan biro ya yanke shirun,
ya cike shi da wani abu.
Na danne shi a ƙarƙashin tebur.

Mun zauna haka, mu goma sha biyu,
duka da rai.
Can nesa wani jirgi ya yi kuka.
Na ce, "Solveig, ci gaba."