Uku da Biyu

A garin Hatan, can saman tsaunukan Siri Lanka,
inda gajimare ke saukowa kiwo cikin gonakin shayi,
na zauna a bayan shagon babana Welusami
da littafin lissafi da fensir mai taunannen gindi.

Tambaya ta bakwai ce ta tare mini hanya:
"Wani ɗan kasuwa yana da ganyen shayi iri biyu,
kilon wannan rupi ɗari huɗu, kilon wancan ɗari tara.
Yana son haɗin kilo goma, kowane kilo a ɗari shida.
Nawa zai ɗebo daga kowane buhu?"

Na ce a raba daidai, ai shi ne adalci,
biyar nan, biyar can.
Na tara, na raba, sai ga ɗari shida da hamsin
tsaye kamar baƙon da ba a gayyata ba.
Na goge, na sake. Hamsin ɗin nan ko gezau.
Takarda ta huje don shan guga,
ruwa na dukan kwanon rufi, ni ina dukan goshi.

Baba bai taɓa ɗumama bencin aji ba.
Yana ɗan shekara tara ya bi kaka Mariyayi gona,
kwando a baya, matsattsaku a ƙafa.
Ya ce, "Tenmoli, karanto mini da ƙarfi."
Na karanta. Ya yi jim,
ya share hannu a gefen zanensa,
ya janyo tsohon sikelin nan mai kwano biyu.

"Bar alƙalami. Ke ce mai shago yau.
Kin sayar da kilon mai araha a ɗari shida, me kika ci?"
Na ce ɗari biyu.
"Kin sayar da mai tsada a ɗari shida fa?"
Na ce na faɗi, ɗari uku sun tafi.
"To ga rami, ga ƙasa.
Kwando nawa zai cike rami nawa?"

Na shiga lanƙwasa yatsu.
Riba sau uku, ɗari shida.
Faɗuwa sau biyu, ɗari shida.
Ba saura, ba bashi.
Uku da biyu!
Kashi biyar ke nan, kilo goma a kansu,
kowane kashi ya ɗauki kilo biyu:
shida daga buhun talaka, huɗu daga buhun manya.
Hamsin ya sulale ya fita ta ƙofar baya.

Baba bai ce madalla ba.
Ya auna uku, ya auna biyu, ya zuba a faranti,
ya cusa hannu har wuya yana juyawa.
"Wannan littafinku bai faɗa ba," in ji shi.
"Garin ganye gindi yake gudu, manyan ganye su hau sama.
In ba ki juya ba, na farko ya sayi sarki,
na ƙarshe ya sayi shara,
alhali kuɗinsu ɗaya."

Ya dafa mana a butar da ta rasa murfi.
Amma ta shigo jiƙe daga tudu,
yatsunta baƙi ƙirin da ruwan ganye.
Shekara ashirin tana tsinkar mai ɗari tara,
ran nan ta fara kurɓarsa, kashi biyu cikin biyar.
Ta ce sukari ya yi kaɗan.

Washegari Malama Sarojini ta ja jan biro,
ta ce, "Ina alamomin lissafin? Wane ne rami kuma?"
Ta rage mini maki ɗaya.

Yanzu ina ɗakin magani a asibitin Kandi,
farin kaya, safar hannu, kwalabe a jere.
In likita ya rubuto ruwa mai ƙarfin kaza,
ga mai kauri a dama, ga tsarma a hagu,
nakan ji ƙarar sikeli mai kwano biyu,
in nemi ramin, in nemi ƙasar,
sannan in girgiza kwalbar
fiye da yadda takarda ta ce.