Nonon Tumfafiya

Ƙarfe biyu da rabi na dare a Jekadafari,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
sai na ji ƙirjin Dudu na busa sarewa.
Ba irin ta makiyaya ba,
siririya ce, mai tsaga,
kamar iska na neman kafa a ƙyauren langa-langa.

Na laluba ƙarƙashin matashi, na ɗauko abin shaƙa,
na girgiza: wayam.
Uwarta ta dube ni, ba ta ce uffan ba,
ta zaunar da yarinya, ta tallafi bayanta,
muka shiga ƙidayar numfashi
kamar masu ƙirga canjin da bai cika ba.

Fuka gadon gidanmu ce.
Baffana ya kwaso tasa a gidan gurzar auduga,
shekara ashirin da uku yana haɗiyar kaɗa.
Ya bar mini agogo da buta.
Tarin ya tsallake ni, ya sauka kan 'yata.
Gashin mage, ƙaiƙayin gero, hayaƙin janareton maƙwabci,
jikinta duk ɓarayi yake ɗaukar su,
ya banko ƙofa, ya danna sakata,
har mai gida ya kwana a waje.

Da safe ni ne mai wanke kwalabe
a ɗakin gwaji, can Tudun Wada.
Dakta Lamela ta miƙo mini safar hannu da tabarau,
wai in je bakin kwari in tatso nonon tumfafiya.
Na yi dariya. Tumfafiya?
Wadda jaki ke wucewa bai ko sunsuna ba?
Wadda Inna ke cewa kul, in ta shiga ido sai ɗan jagora?
Ta ce, Malam Ardo, ko a gidan mugu
akan haifi ɗa na kirki.
Aikinmu mu kira shi waje, mu bar danginsa a ciki.

Muka tace, muka wulwula a inji, muka kai sanyi.
Danƙo ya kwanta, ruwa ya taso,
cikin ruwan wani baƙo da ido ba ya gani,
furotin, in ji ta.
Gora guda na tatso.
Abin da ya rage bai rufe farcen ƙaramin yatsa ba.

Ɓeraye goma sha biyu muka sa wa fuka da gangan,
Allah Ya yafe mana.
Shida aka ba, shida aka hana.
Bayan mako uku ta ce, zo ka leƙa.
Na sa ido a madubi:
nan hanyar iska ta cushe kamar lungun kasuwa ranar jajibere,
nan kuwa, ga fili,
kumburi ya saɓe, taron ya watse,
ko amalanke sai ta wuce.

Ranar na daɗe riƙe da 'yar kwalbar.
Sanyinta ya shiga tafina.
Aljihuna a buɗe, ba kowa a ɗakin.
Ashe tana bakin ƙofa.
Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce,
ɓera ba ɗan mutum ba ne, Ardo.
Wataƙila shekara goma. Wataƙila ma a ƙarshe a ce a'a.
Wanda ya ci ɗanye, cikinsa ne zai ba da labari.

Na mayar. Na rufe firji. Na rubuta kwanan wata.
Na biya ta Sabon Layi,
na bar kuɗin cefanen mako a kantin magani,
na fito da abin shaƙa sabo, mai nauyi.

Jiya da la'asar na iske ta bayan gida,
ta fasa ƙwallon tumfafiya busasshe,
ta tara audugar a tafi, ta cika kumatu.
Na buɗe baki zan ce kul,
ta riga ni hurawa.

Na tsaya ina kallo, bakina a buɗe,
ina auna nisan da numfashinta ya kai:
ya wuce igiyar shanya,
ya wuce katanga,
ɗaya ma har gidan mai janareto.