Yatsan Baba Labbo

Shekara arba'in yana dukanci a bakin Kara,
basilla ba ta taɓa kuɓuce masa ba.
Amma ran da na ɗora tafinsa kan linzamin kwamfuta
sai hannun ya ƙi.
Ya ja dama, kibiyar ta ɓace,
ya ja hagu, ta maƙale a lungu kamar tsaka.
Ya ce, "Haliru, wanga abu ba shi da kan gado.
Hannu nan, aiki can?
Wa at taɓa yanka fata yana zaure
fatar tana cikin gida?"

Ban tanka ba.
Wata uku ina tara kuɗin bugun takardu,
har Mu'azu mai zuwa Kano ya kawo shi a kwali:
firam baƙi, siriri,
irin na hoton bango, sai dai ba hoto.
Maɗauri biyu, waya ɗaya.
Na ɗaura wa tsohuwar kwamfutar a fuska
kamar mai sa wa kaka tabarau.

Ɗigo huɗu suka fito, kusurwa-kusurwa.
Na ce, taɓa kowanne, ta san iyakarta.
Ya yi murmushi: "Ashe ita ma sai an auna ta."

Sannan yatsan nan,
wanda bagaruwa ta cinye wa laushi,
wanda karan dafi ya rine har ƙarƙashin farce,
ya sauka kan gilashi,
layi ya biyo shi
kamar ɗan akuya bayan uwa.
Ya zana dagi. Ya zana bakin alabe.
Ya zana wani ado da ya ce
tun rasuwar ubansa ba wanda ya nema.

Ba a rasa cikas ba.
Hannun rigarsa ya shafi gefe, ya goge rabin aiki.
Ƙuda ya sauka, na'urar ta ɗauka yatsa ne,
ta buɗe lissafin bashin shago.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Ko ƙuda ya san ana bin ka!"

Gab da la'asar, zafin Sakkwato na dafa kwano,
aka ɗauke wuta.
Ban adana ba. Wallahi ban adana ba.
Na dafe kai ina salati.

Shi kuwa ya karkata fuskar wajen ƙofa
inda haske ke shigowa a kaikaice.
Ga shi nan, kan baƙin gilashi,
maiƙon yatsansa ya riƙe kowace lanƙwasa,
gumi da jan rini, sawu bisa sawu.

Ya ce, "Miƙo min fatar can.
Kuma kak ka kusanto da tsumma
sai na gama."