Ɗigo Bakwai

A Valparaíso, ƙasan tudu,
inda iska ke da ɗanɗanon gishiri,
nan shagon kawu Eleuterio yake.
Faɗinsa taku huɗu.
Ba ma sayar da komai sai baƙi da shuɗi da ja,
a 'yan kwalabe masu siririn baki.

Shekarata uku ina shayar da hatimai.
Sabulu ya gaji da yatsuna, ya ƙyale ni.

"Ɗigo bakwai, Maite," in ji kawu, "ba takwas ba.
Soso ba rijiya ba ne.
Kin cika masa ciki, ya amayar a takardar mutane.
Tawada mai maiƙo kuwa, kul, ta taɓa roba,
cinye haruffa take kamar gara."

Ran Litinin masinjan tashar jiragen ruwa
kan kawo nasu cikin kwalin takalmi:
AN BIYA. AN KARƁA. AN SOKE.
Duk sun dushe, muryarsu ta shaƙe.
In danna, in maƙale sifirin,
in zaro ɗan soson kamar aljihun tebur,
in ɗiga, in ɗiga, in jira.
Jiran shi ne aikin.
Wanda ya yi gaggawa, tsakiya ta jiƙe,
gefe na nan da ƙishirwa.

Wata Laraba, ana yayyafi tun asuba,
Doña Herminia ta shigo, lemarta na zuba.
Ta kwance hankici a kan kanta.
Hatimi ne mai kwanan wata,
mariƙinsa ya sha hannu har ya yi santsi.
Na Baldomero ne, mijinta,
mai kantin magani a kan tudun Barón.
Kantin yanzu wani ke gasa kaji a ciki.

Soson ya bushe ƙamas, ya yi tauri kamar ɓawon burodi.
Kawu ya duba ta saman tabarau.
"Sabo ya fi arha, baiwar Allah."
Ta ce, "Ban tambayi arha ba."

Na sa masa ɗigo ɗaya, ya tsaya a sama, ƙyal,
soson ya manta yadda ake sha.
Na tsattsaga shi da bakin allura.
Na biyu ya nutse.
Na uku.
A na biyar ne na kai babban yatsa
zan murza kwanan watan zuwa yau,
don haka hannu ya saba.

Ta riƙe mini wuyan hannu.
Tsohuwa, amma riƙon ya shiga ƙashi.
"Bar shi inda ya bar shi."

Sha huɗu ga Yuni.
Shekarar ma ta shige mu da tara.

Muka zauna jiran soso.
Ba wanda ya ce uffan.
Jirgi ya yi kuka a teku, kare ya amsa masa,
kawu na ta goge kwalbar da ba ta da datti.

Da lokaci ya yi na miƙa mata.
Ba ta zo da takarda ba,
sai tikitin bas, ta juya bayansa.
Ƙwas! Na farko ya dagule, baƙi ƙirin.
Kawu ya ce, "Na farko maƙaryaci ne, sake."
Ƙwas! Na biyu da dama-dama.
Na uku ya fito tar,
suna, lambar titi, da ranar,
har da ɗan gurbin da ya ɓalle a wutsiyar R.

Ta daɗe tana kallon gurbin nan.
"Wuƙa ce," ta ce. "Yana kankare datti ya yanke."
Sai ta yi dariya, gajeriya,
ta naɗe hankicinta, ta biya, ta manta lema.

Da dare na ga babban yatsana a fitila:
huɗu da ɗaya, a juye.
Na ɗauki sabulu.
Na ajiye.